Hular Kwanon Jamus: Me Ake Sauyawa, Me Ake Bari?



A sashen da na yi difloma, abin farko da ake koya wa ɗalibi game da tsohon ƙarfe shi ne ya kankare shi har sai ya yi fari tas, ya cike ramuka, ya shafa fentin ƙasa, sannan ya bi da na sama. Aiki mai kyau shi ne wanda in an gama ba mai gane ƙarfen ya taɓa tsufa. Wannan ƙa'ida daidai take a kan ƙofar gida da jikin mota. Amma a wajen masu gyaran tsofaffin hulunan kwano na sojan Jamus, duk wanda ya bi ta ɓarna ya yi, domin abin da zai kankare ɗin nan shi ne dukiyar.

Ina da guda ɗaya. Ɗan baffana da ke zaune a Jamus ne ya tsince ta a kasuwar tsofaffin kaya, ya cusa ta cikin kayan gyaran mota da yake aikowa gida, don ya san ni da son tarkace. Kwanon ne zalla. Babu fatar ciki, babu maɗaurin haɓa, ƙusa ɗaya ce ta rage cikin ukun da ke riƙe kayan ciki. Wata bakwai ke nan ina fama da ita, kuma mafi yawan lokacin ba goge-goge ne ya cinye shi ba, tunanin inda ya kamata in taɓa da inda ya kamata in ƙyale ne.

Kafin mutum ya nemi kayan gyara sai ya san wace iri ce a hannunsa, don ba ɗaya suke ba. Har farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya hular fata sojan Jamus ke sawa, mai tsini a ka, wadda suke kira Pickelhaube, da masarautar Prussia ta fara amfani da ita a 1842. Ta dace da fareti, amma a ramukan yaƙi ɓaraguzan harsashin igwa fasa ta suke yi kamar ƙwarya. Wani likitan tiyata mai suna August Bier, wanda ya yi ta fama da sojoji masu raunin ka, da wani injiniya na Hanover, Friedrich Schwerd, su suka fito da ta ƙarfe mai saukowa ta rufe kunne da ƙeya. A 1916 aka fara raba ta, a fagen Verdun. Ta wancan zamani ana gane ta da wasu gajerun ƙahoni biyu a gefe, ta cikinsu iska ke shiga, a kansu kuma ake rataya ƙarin farantin ƙarfe na kare goshi. A 1935 aka rage mata girma, a 1940 da 1942 aka yi ta sauƙaƙa ƙirar saboda yaƙi na cin kuɗi da lokaci. Ta 1935 da ta 1940 bakinsu a naɗe yake ciki kamar kalmasar riga, ta 1942 kuwa an bar bakin haka nan da kaifinsa. Abin da ya raba biyun farko hujin iska ne: na 1935 daban aka ƙera shi aka dasa, na 1940 a jikin kwanon aka buga shi.

Tawa ta 1940 ce. A ciki, wajen kunnen hagu, in ka haska tocila a karkace za ka ga an buga Q64. Harafin na kamfanin Quist ne da ke garin Esslingen. Akwai masu ET na Thale, da EF na Fulda, da NS na Schwerte, da SE na Lauter. Lambar 64 girman kwanon ce, kuma ita ke gaya maka kayan cikin da za su shiga: mai lamba 56 ko 57. Ka sayo mai 58, na kwano 66 ka sayo, ko da dutse ba za ka zaunar da shi ba.

Cire tsatsar bai ba ni wahala sosai ba. Akwai masu jiƙa ƙarfe a ruwan soda su haɗa masa cajar batir, amma wannan hanya takan ɗaga fenti tare da tsatsar, don haka na bi ta ruwan asid mara ƙarfi da ake kira okzalik, da tsohon buroshin haƙori. Bayan na ɗauraye na shanya, na shafa kaki siriri. Sai ga fentin asali ya fito, toka-toka mai duhu, mai kaushi kamar an barbaɗa masa rairayi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya tsira. Kaushin ba lalacewa ba ne. Fentin farko mai santsi ƙyalli yake yi, musamman in ya jiƙe, ya tona asirin mai shi, shi ya sa a 1940 aka koma mai kaushi. A cikin ƙeya kuma, da farin fenti, wani ya rubuta sunansa. Haruffa huɗu kaɗai ake iya karantawa. Da samfefa ta bi ta wajen sau biyu, shi ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan ciki. Ƙirar 1931 ce ake sa wa duk waɗannan huluna: zobba biyu, na waje da na ciki, haɗe da ƙananan sifirin don rage bugu, sai fata mai harsuna takwas da ke haɗuwa a tsakiyar ka, igiya ta zarge su. Zobban farko na alminiyom ne, suna yawan tsagewa a inda maɗaurin haɓa ke ja, daga 1940 aka koma ƙarfe mai rufin tutiya. Ƙusoshi uku ke riƙe wannan duka da kwanon, biyu a gaba ɗaya a baya, kowace da ƙafa biyu da ake buɗewa a lanƙwasa daga ciki. Masana harkar ƙafafun nan suke fara dubawa, domin ƙafar da aka taɓa miƙewa aka sake lanƙwasawa ba ta ɓuya.

Mai neman waɗannan kaya hanya uku ce a gabansa. Akwai na asali, akwai sababbi da ake ƙerawa yau a gabashin Turai da Indiya da China, akwai kuma sababbin da aka tsofar da gangan. Wannan na ukun shi ne annobar kasuwar. A jiƙa fata a ruwan shayi, a shafa mata man takalmi, a binne zoben a ƙasa mai laima ya yi 'yan makonni, a buga masa shekarar yaƙi, a ɗauki hoto cikin duhu-duhu. Wani mai sayarwa a intanet ya turo mini hoton irin wannan, fatar ta yi baƙi ko'ina daidai-wa-daida. Ai gumi ba haka yake cin fata ba. Goshi yake fara ci, sai gefen kunne, ya bar tsakiyar da ɗan haskenta. Duk wanda ya taɓa duba cikin tsohuwar hularsa ya san wannan.

Na asalin ma da farko su na fi kwaɗayi, sai na tambayi kaina daga ina suke fitowa. Kamfanonin da suka yi su sun daina tun 1945. Ban da 'yan kaɗan da suka kwana a sito ba a taɓa amfani da su ba, duk zoben asali da ka gani a kasuwa daga cikin wata hular aka ɓalle shi, wato an kwance ɗaya don a cika ɗaya. Wasu kuma daga ƙasa aka tono su, a dazukan Latvia da filayen Rasha inda aka gwabza. Cikin masu tonon akwai masu izini da ke miƙa ƙasusuwan da suka samu ga hukuma, akwai kuma masu kwashe ƙarfen su bar mutumin. In suka haɗa da ɗan farantin shaida da soja ke ratayawa a wuya, sun raba gawar da sunanta har abada. Ƙungiyar Volksbund ta Jamus, da aka kafa a 1919, har yau tana tono matattun yaƙi tana sake binne su, kuma da wannan faranti take gane waye wane. Ni dai ban ga fatar da ta kai in sa kuɗina a wannan layi ba. Ga shi kuma a shekarun ƙarshe na yaƙin har da fatar alade aka riƙa yi, abin da ya ƙara sanyaya mini gwiwa.

Sai na sayi sabon zobe wanda mai shi ya faɗa ƙarara cewa sabo ne, kuɗin aikowa ma ya fi kuɗin kayan. Fatar kuwa na zana ta a kwali na kai wa wani dattijon baduku a unguwarmu. Ya juya kwalin ya ce, "Yaro, wannan hular wane sarki ce?" Na ce, "Baba, ta sojan Jamus ce." Ya ce to Jamus ɗin ma ashe da fatar tunkiya suke aiki. Kwana uku ya gama, ɗinkinsa ya fi na hoton kyau. Na roƙe shi ya buga shekarar bana a bayan fatar da ƙarfensa na ado, yadda duk wanda hular ta faɗa hannunsa bayana ba zai ruɗu ba, ba kuma zai ruɗi wani ba.

Wani abokina ya ga wannan wauta ce. A ganinsa in feshe ta gaba ɗaya, in liƙa mata tambari, in ce daga Garwa aka samo ta tun zamanin da Jamus ke mulkin Kamaru, in ga yadda masu kuɗi za su yi rububi. Dariya na yi. Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, dutsen Mora, inda sojan Jamus na ƙarshe a Kamaru suka maƙale, ya miƙa wuya a Fabrairun 1916, daidai lokacin da ake fara raba hular ƙarfe a Faransa. Ba ta taɓa isa can ba, balle ƙirar 1940.

Maganar tambarin ce ba ta dariya ba. Hular sojan ƙasa ta 1935 tambari biyu gare ta, garkuwa mai launin baƙi da fari da ja a dama, gaggafa riƙe da alamar 'yan Nazi a hagu. A 1940 aka cire na daman, a 1943 aka daina sa na hagun. Ana sayar da sababbinsu da arha, kuma su ne suka fi komai ɗaga farashi in an iya tsofar da su, shi ya sa jabun suka cika kasuwa. A Jamus kanta nuna wannan alama a fili laifi ne, masu sayarwa rufe ta suke yi a hoto. A tawa tsatsa ta riga ta cinye wajen, ɗan inuwarsa kawai ya rage. Ba zan mayar ba. A watan Yunin 1940, shekarar da aka fito da irin wannan ƙira, sojan Jamus sun kama sojojin Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi a Chasselay kusa da Lyon, suka ware baƙaƙe daga farare, suka harbe baƙaƙen. Maƙabartarsu na nan har yau, jan gini irin na ƙasashenmu a ƙauyen Turawa. Ban san abin da mai haruffa huɗun nan ya yi ko bai yi ba a yaƙin, amma na san rundunar da ya yi wa aiki. In tambarin ya tsira da kansa zan bar shi, don shaida ne. In ɗauki hannuna, ni baƙar fata, in liƙa sabo don ado, wannan kam a'a.

Akwai ma gyaran da ya fi wannan ba ni haushi. Bayan 1945 Jamus ta wayi gari ba tukwane, ga hulunan kwano tuli. Sai masana'antu suka riƙa yanke musu baki, su huda su, su sa musu mariƙi, su zama gwagwar tace abinci da tukwane. Norway kuma ta ci gaba da amfani da waɗanda aka bari a ƙasarta, ta sake musu fenti. Yau akwai masu kankare fentin Norway don su kai ga na Jamus, har da masu bin huji da walda suna toshewa, wai suna mayar da hula asalinta. A wajena gwagwar nan da wata uwa ta tace dankali da ita a shekarar yunwa ta fi hular fareti ba da labarin yadda yaƙin ya ƙare.

Saura ƙusoshi. Sababbi biyu sun iso makon jiya, suna ƙyalli, na shafa musu fenti mai ɗan bambanci da na kwanon yadda ido zai raba su. Ta ukun, ta baya, ita ce ta asali, tana nan a maƙale da ɗan guntun tsohon zoben, yatsa biyu daga rubutun sunan. Kafin sabon zobe ya zauna yadda littafi ya ce, dole in miƙe ƙafafunta in zare ta, kuma ƙafar da aka lanƙwasa sau ɗaya shekara tamanin da suka wuce karyewa za ta yi. Don haka sabon zoben na yanke wa gurbi da zarto ya kewaye ta. Kayan cikin suna ɗan motsi ta baya in an girgiza, amma ba mai sa ta ya tafi ko'ina.