Ziyara a Fadamar Haɗeja: Ruwa Tsakanin Mai Naƙuda da Ungozoma

 Cikin watan Satumba muka tashi daga Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Gumel da Malam Maduri, kafin azahar muka sauka Haɗeja. Zumunci ne ya kai mu, amma abin da muka gano ya wajabta mana rubutu.

Wanda bai san ƙasar nan ba, ya sani kogi ne ubanta. Kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu cikin fadamu ta wajen Kirikasamma da Guri har Nguru, kana ruwansa ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Da shi ake noman shinkafa da alkama da tattasai, daga cikinsa kuma kifin nan na Haɗeja yake fitowa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyinsa da yawa, har yakan malala inda ba a saba ganinsa ba. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ta fita daga bakin mutane ba.

Kashegari muka shiga kwalekwale zuwa wani ƙauye da ruwa ya yanke wa hanya. Muna tsakiyar tafiya sai muka yi kiciɓis da wani kwalekwalen, an shimfiɗe wata yarinya a ciki, tsofaffi biyu suna riƙe da ita. Matuƙinmu ya yi musu sannu, suka ce kwananta biyu tana kan gwiwa. Mijinta falke ne, ya tafi kai kifi kudu, wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda ya yarda ya fitar da ita ba da izininsa ba, sai da liman ya sa baki. Da yamma labari ya iso cewa Allah ya kuɓutar da ita, amma ɗan bai zo da rai ba. Inna lillahi.

Masana lafiya sun kasa jinkirin da ke halaka mata wajen haihuwa kashi uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. A fadamar Haɗeja na biyun yana da nauyi ƙwarai da damina. Gwamnatin Jigawa ta fito da shirin Haihuwa Lafiya, wanda ya tanadi motocin ɗaukar masu naƙuda daga ƙauyuka, kuma ya yi amfani. Sai dai mota ba ta ƙetare ruwa. To, tun da ba mu da iko a kan kogi, wajibi ne mu kashe jinkirin farko, wanda yake hannunmu.

Da muka komo gari, sai muka nemi izini muka tsaya daga bakin wani ƙaramin asibiti ranar awon ciki. Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙasar, tana zaune kan tabarma tare da matan, tana karantar da su kamar yadda malama take yi a Islamiyya. Ta lissafa musu alamun haɗari: zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin ido, zazzaɓi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, da naƙudar da ta kwana ta wuni. Ta ce ciwon kai da kumburi sukan riga jijjiga zuwa, kuma awon hawan jini yana tona ta tun da wuri. Ta raba maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin inda ruwa ya kwanta nan sauro yake sarauta. Ta gargaɗe su game da yankan gishiri, da kuma wuce haddi wajen kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa, waɗanda likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego tun cikin shekarun 1970. Abin da ya fi burge mu shi ne shawararta ga matan bayan kogi: in wata ya kama da damina, mace ta ƙauro gidan 'yan'uwa kusa da asibiti, kada ta jira naƙuda.

Wanda yake ganin abin ƙarami ne, ya je Jahun, inda ƙungiyar likitocin MSF take aiki tun 2008, ya ga matan da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne.

Wani zai ce ai wadda ta rasu wajen haihuwa shahidiya ce. Haka ne, hadisi ya tabbatar. Amma darajar da Allah ya ba ta ba ta wanke wanda ya yi sakaci da ita ba. A littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda malamanmu suke karantarwa a zaure, ladan ungozoma yana cikin abin da aka ɗora wa miji a babin ciyarwa. Imamu Gazali a Ihya'u ya sanya ilmin likitanci cikin farillan da in al'umma duka ta bari, duka ta yi laifi. Rufaida, Allah ya yarda da ita, ta kafa hemarta a masallacin Madina tana jinya, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. A ƙasarmu kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika jajis ƙauye-ƙauye su karantar da mata. Ashe abin da muka gani kan tabarmar nan gadonmu ne, ba baƙon abu ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa fatake da ma'aikata, ku da tafiya ta zame muku sana'a. Kada ɗayanku ya bar gida da mai ciki sai ya furta, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabcinsa, cewa ya ba da izinin a kai ta asibiti ko dare ko rana. Ya ajiye kuɗin mota da na kwalekwale a hannun amintacce, ya kuma san wanda zai ba da jini in an bukata. Sa'an nan wanda yake ƙin namiji ya duba iyalinsa, to, ya bar 'yarsa ta yi karatu, ga makarantun koyon jinya da ungozomanci a Haɗeja da Birnin Kudu. Ba ya yiwuwa mu nemi mace a ɗakin haihuwa alhali mun hana a koyar da ita. Limamai kuma su sanya wannan cikin huɗuba kafin ruwa ya sauka.

Manomin fadama ba ya jiran ambaliya kafin ya ɗaga jinga. Da rani yake aikinsa. Iyalinmu sun fi gonar shinkafa cancantar wannan tanadi. Allah ya sauki mata lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu fita haƙƙin amanar da ya ba mu, amin.