Darasin makamashi daga murhu yake farawa

Littafin kimiyya na sakandare yakan jero hanyoyin samun makamashi a shafi guda: man fetur, iskar gas, kwal, ruwa, rana da iska. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya fito ya manta. Shekarun da na yi ina koyar da wannan babi sun nuna mini cewa ba ya zama a zuciyar yaro sai an haɗa shi da abin da yake gani a gidansu.

Abu na farko da na koya shi ne a fara da madafa. Nakan ce kowa ya je ya duba da me aka dafa tuwon dare. Washegari amsa ɗaya ce ke yawaita: icce, gawayi, kara, sai 'yan ƙalilan masu gas. A nan suke gane cewa Najeriya, ƙasar da aka haƙo mai a Oloibiri tun 1956, har yau yawancin gidajenta da icce suke girki. Daga nan su ne ke jefo tambaya: daga wane daji motocin gawayi suke fitowa? Me hayaƙi yake yi wa ƙirjin mai girki da jaririn da ta goya?

Na biyu, gani ya kori ji. Muna ɗora tukunya biyu da ruwa daidai wa daida, ɗaya buɗe a kan murhun duwatsu uku, ɗaya rufe a kan murhun laka da ya kewaye wutar. Mu auna iccen kafin a hura, mu sake aunawa bayan ruwan ya tafasa. Murhun laka yakan rage icce, kuma yaran da hannunsu suke gano hakan. Sai na kawo ƙa'idar da ke littafi, cewa makamashi ba ya ɓacewa, kama yake sauyawa. Zafin da bai shiga tukunya ba iska ta kwashe shi. Haka janareta: yawancin man da ake zuba masa zafi yake zama, kaɗan ne ke komawa lantarki.

Na uku, ɗalibi ya san inda wutarsa take fitowa. Da yawa sun ɗauka duk lantarkin Najeriya daga Kainji yake. Madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, Jebba da Shiroro suka biyo baya, amma kaso mafi girma na wutar ƙasar daga tashoshin gas yake zuwa, irin su Egbin da ke Legas. Shi ya sa fashewar bututu a Neja Delta kan iya jefa Kano cikin duhu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na niƙa suka tashi, ɗalibaina suka ga yadda makamashi ya shiga farashin komai.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai mu ba wannan babi lokacinsa. Waɗannan yaran ne gobe za su yanke shawara kan dazukanmu, da gas ɗinmu, da ranar da Allah ya wadata Arewa da ita. Wanda ya taɓa auna icce da hannunsa ba za a ruɗe shi da daɗin baki a kan waɗannan abubuwa ba.