Daga Coal Camp zuwa Ituku-Ozalla

Ina sabuwar shiga binciken sankarar bakin mahaifa a Inugu, ilimin cutar kawai na fito da shi daga makaranta: ƙwayar HPV ce silarta, takan yi shekaru 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara, kuma gwaji mai araha na iya tare ta. Yadda ake tafiyar da aikin kuwa a Coal Camp na koya, unguwar da aka kafa wa mahaƙan kwal bayan gano shi a 1909, wadda yau masu sayar da kayan gyaran mota suka cika.

Shugabarmu, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, ba ta yarda a sa ranar gwaji sai an baje kalanda. A cire azumi, a cire Juma'a. A ware wa takardar izinin kwamitin ɗa'a watanninta. Sannan gaisuwa wurin Sarkin Hausawa da liman, sai mazajen matan da za a gwada, waɗanda ba a samun su sai sun taso daga kasuwa bayan magariba. Kowane aiki da sunan mai shi a gefe, da ranar da za a tambaye shi.

Gwajin kansa bai da wuya. A shafa ruwan tsami a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, a duba ko wani wuri ya yi fari. Ranar da na kai mata kasafin kuɗinmu ta bi shi da yatsa layi-layi, safar hannu, auduga, batirin tocila, sai ta ɗago.

“Ke 'yar nan, in ya yi fari, wa zai kai matar asibiti?”

Tun 2007 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya ya koma Ituku-Ozalla, kimanin kilomita 20 daga gari. Ga matar da ke da goyo da 'yar sana'ar ƙosai, wannan tafiyar yini ce. Daga ranar muka riƙa tsara aiki ta baya: mu fara da matar da aka ga alama a jikinta, mu lissafa kuɗin motarta, katin wayar da za a bibiye ta, da 'yar rakiyar da za ta yi mata tafinta, sannan mu ga mata nawa aljihunmu zai iya gwadawa. Adadin ya ragu a rahoto, kuma har gobe ina ganin daidai muka yi. A tsorata mace da sakamako a bar ta da shi zalunci ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 cutar ta kashe mata kusan 8,000 a Nijeriya. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi, Inugu na cikin jihohin farko, amma iyayensu mata gwaji ya rage musu. Ƙannena masu shigowa wannan fage, kada ku sa hannu a kasafin da babu kuɗin kai mace asibiti a cikinsa.