Motar Marayu

Ni akawu ne a Ƙaura Namoda, a ofishin nan da dattawa har yau suke kira En'e, ko da yake tun 1976 aka sake masa suna ya koma ƙaramar hukuma. Aikina alƙalami da rajista. Abin da na sani game da mota bai wuce in shiga in biya kuɗi ba, sai da Allah ya karɓi ran wana cikin daminar 2022, ya bar mace da 'ya'ya huɗu, aka danƙa mini riƙonsu.

Marigayin ɗan kasuwa ne, kowace Alhamis yana Shinkafi. Mutum ne mai tattali, amma yana da lago guda, watau son mota. Cikin 2019 ya sayo wata ja a Kano, irin tsofaffin nan da ake shigowa da su ta Kwatano, ƙirar Mazda RX-8 ta 2004. Gajera ce, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, ƙofofinta na baya ƙanana, suna buɗewa ta baya. Da aka zo ƙididdigar gado sai ta zama ita ce babbar kadara bayan gida.

Wata rana na sa babban ɗansa ya tuƙa ni zuwa Zurmi gaisuwar mutuwa. Muna dawowa muka tsaya wani ƙauye don sallar la'asar. Da muka idar ya murza makulli, inji ya yi ta kukan banza, ya ƙi kamawa. Duk wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san ba wurin da mutum zai so magariba ta same shi ba ne. Mutanen ƙauyen ma suka ce mu bar ta mu nemi babur. Muna cikin shawara, bayan ta huce kamar awa guda, yaron ya sake gwadawa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Ban yi magana ba har muka shigo gari.

Makanike na farko ya sake fulogi, ya sake batir, ya karɓi kuɗi, cuta tana nan. 'Yan gwangwan suka zo suka yi tayi, kuɗin da bai kai na ɗan maraƙi ba. Na kwana ina juyi. In na sayar haka, na zubar da dukiyar marayu. In na kashe kuɗinsu wajen gyara ba ta gyaru ba, na yi hasara biyu, kuma ni za a tambaya ranar gobe. Daga ƙarshe na kwashe adashina, na rubuta shi rance gaban shaidu biyu, bisa sharaɗin in motar ba ta tashi ba, na yafe.

Na tafi wurin wani tsohon makanike wanda ya yi zamani da Fijo 404 da 504. Ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam Akawu, shekara arba'in ina kwance inji, ban taɓa buɗe irin wannan ba. In ka yarda mu koya tare, to. In ba ka yarda ba, ban riƙe ka ba." Wannan magana ita ta sa na bar masa motar.

To, bari in gaya muku abin da ya bambanta injin nan da saura. Injin da kuka saba gani, ko na babur ko na niƙa, yana da fistin mai hawa da sauka cikin rami, kamar taɓarya cikin turmi. Wannan kuwa ba shi da fistin, ba shi da bawul. A cikinsa akwai ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, sai dai ƙugunsa bai shiga sosai ba. Cikin ɗakin akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, kamar laya, ana kiransa rota. Yana juyawa, kusurwoyinsa uku suna shafar bango ba su rabuwa da shi, saboda haka ɗakin ya kasu uku. Sa'ad da kashi ɗaya yake shan iska da fetur, na biyu yana matse nasa wuta ta kama, na uku yana fitar da hayaƙi. Rota biyu ne a injin, suna tura wata sanda mai ƙusumbi biyu, in rota ya kewaya sau ɗaya sandar ta kewaya sau uku.

Wani Bajamushe ne ya ƙago shi, sunansa Felix Wankel, aka fara tayar da na gwaji a kamfanin NSU cikin 1957. Abin mamaki, shi kansa bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba har ya mutu a 1988. Kamfanoni da yawa sun gwada sun bari. Mutanen Mazda na Hiroshima, a ƙasar Japan, su suka nace. Sun sayi izni a 1961, suka fitar da motarsu ta farko mai wannan inji a 1967, kuma a 1991 suka ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da shi. Irin ta wana an ƙera ta daga 2003 zuwa 2012, aka daina.

Ran injin nan duka yana ga wasu 'yan ƙarafa sirara da ke bakin kowace kusurwa, kaurinsu milimita 2 kacal. Su ne suke toshe tsakanin kashi da kashi. In sun cinye, matsi ya zurare. Da sanyi sukan ɗan riƙe, amma in inji ya yi zafi, ƙarfe ya buɗe, mai ya tsinke, sai matsin ya gudu. Ka ji dalilin abin da ya same mu a hanyar Zurmi.

Muka raba aiki uku. Tsoho da sifana. Yaron, da yake yana karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta garinmu, shi ya nemo littafin injin a wayarsa, yana karantawa yana fassara mana. Ni kuma aka bar ni da sana'ata. Na sayi littafin rajista da ambulan hamsin, da kuɗina fa, ba na ofis ba. Duk abin da aka cire sai in ba shi lamba, in rubuta daga ina ya fito, gaba ko baya, in rufe a ambulan. Yaran gareji suka yi ta dariya, suna cewa an kawo kotu gareji.

Noti guda a bayan injin, mai faɗin milimita 54, ya cinye mana yini. Sai da aka aro sifanar manyan motoci, aka zura mata bututu, ƙarti biyu suka hau. Daga nan aka zare dogayen kusoshi, inji ya rabu fala-fala kamar an ɗaga faifai daga kan faifai. A rota na baya muka tarar ɗan ƙarfe guda ya karye, guntun ya karce bangon ɗakin, farce yana shiga. Ko'ina kuma baƙin gawayi ya daskare.

Tsoho ya ce a kai Kano a faɗaɗa ramin, kamar yadda ake yi wa Fijo. Yaron ya ce, "Baba, a yi haƙuri, littafi ya ce ba a yi. Bangon shafe ne na wani ƙarfe mai tauri, in an goge ya tafi ke nan." Na zaci tsoho zai yi fushi. Ya yi shiru, ya shafa wurin da babban yatsa, ya ce, "Yaron nan ya yi gaskiya."

A nan kuma na gane laifin wana, Allah ya gafarta masa. Injin nan da gangan aka yi shi yana ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta, don ya jiƙa waɗannan ƙarafa. Watau cin baƙin mai ɗabi'arsa ce, dole a riƙa dubawa ana ƙarawa. Marigayi kuwa ba ya buɗe gaban mota sai ranar juye. Har wa yau yakan tashe ta daga gida zuwa shago, tafiyar minti uku, ya kashe tun ba ta yi ɗumi ba, wannan shi ke tara gawayi.

Aka nemi ɗakin a Ƙofar Ruwa ba a samu ba. Sai daga kasuwar Ladipo ta Ikko aka aiko da na hannu, tare da sababbin ƙarafa da robobin ruwa. Mako bakwai muna jira. Uwar yaran ba ta taɓa tambayata ba, amma kullum na shiga gaisuwa nakan ga tambayar a fuskarta.

Ranar haɗawa tsoho ya sa aka share ɗaki, aka yayyafa ruwa saboda ƙura, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Da basilin, man shafawar nan na mata, aka riƙa manna ƙananan ƙarafa don kada su zube. Ina kiran lamba ana miƙowa. Da muka zo ambulan na 31 sai na ga rajista ta ce abu shida, a hannu kuwa biyar. Wani ɗan sifirin ne da bai kai ƙwayar wake ba. Tsoho ya ce ba za a rufe ba. Muka yi ta rarrafe har azahar, sai wani ɗan koyo ya kawo maganaɗisun tsohuwar lasifika ya ja bisa tabarma, ga shi nan ya manne. Tun daga ranar ba wanda ya sake zancen kotu.

Da aka mayar da inji ya yi gardama, ya yi tari, sa'an nan ya kama, hayaƙin basilin ya cika unguwa. Yara suka yi sowa. Tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Ba yanzu ba." Ya bar shi ya yi zafi sosai, ya kashe, ya dube ni. "Malam Akawu, kai za ka murza." Hannuna yana rawa na murza. Bugu ɗaya ta tashi.

Yaron ya so a bar masa ita, ni ma raina ya so. Amma a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin fetur, ita kuwa tana sha kamar raƙumi, ga hanyoyinmu ba su dace da cikinta ba, ga ƙannensa uku suna da haƙƙi a ciki. Na ce masa, "Ɗana, ka ji ta da kunnenka, ya isa." Wani mai sha'awar irinta ya zo daga Kaduna ya saya. Na cire rancena, ban ƙara ko kwabo ba, aka raba saura yadda shari'a ta ce.

Na ba mai sayen rajistar, na gargaɗe shi ya riƙa duba baƙin mai duk shan fetur na biyu. Tsohon ɗakin da ya karce yana nan a garejin tsoho, ya rataye shi a ƙusa. In baƙon makanike ya zo, yakan sauko da shi ya miƙa masa, ya ce ya faɗi ko na wace mota ne.