Injin Iska

Kalmar nan ta Bature, windmill, iska da niƙa ta haɗa. Mutanen Sistan ta ƙasar Farisa hatsi suka niƙa da wannan na'ura, Holandawa kuwa ruwa suka janye da ita daga gonakinsu. Mu a Kwadon dutsen niƙa muka gada, har injin dizal ya karɓe aikin.

Duk lokacin da nake koyar da Don Quixote na Cervantes, wanda ya fito a 1605, inda jarumin ya zaci injunan nan ƙattai ne ya auka musu da mashi, "injin iska" nake cewa. Ɗalibai sukan yi dariya, domin a Hausa aljani ma iska ne. Na ƙi sauya fassarar, saboda ta bar wa jarumin aljanunsa.