Daga ina rabin ya fito?

A darussan fiziks na sakandare, babu ƙa'idar da nake ganin an zalunta kamar s = ut + ½at², wadda ake nemo nisan da abu ya yi daga mafarinsa da ita. Ɗalibi ya haddace ta, ya zuba lambobi, ya ci jarrabawa, amma da za ka tambaye shi daga ina rabin nan ya fito, sai ya yi shiru. Alhali a cikin rabin ma'anar take.

Ɗauki mota da ta tashi daga tsaye, gudunta na ƙaruwa daidai wa daida, har bayan sakan 10 ta kai mita 20 a sakan. Nawa ta ci na hanya? Mai gaggawa zai ce mita 200. Sai dai motar ba ta kai wannan gudun ba sai a ƙarshe. Daga sifili ta fara. Tunda ƙaruwar ba ta sauya ba, matsakaicin gudunta shi ne rabin hanya tsakanin sifili da 20, wato 10. A sakan 10, mita 100 ke nan. Rabin da ke cikin ƙa'idar wannan matsakaicin ne.

Malaman Kwalejin Merton da ke Oksfod sun gano haka tun ƙarni na 14. Galileyo kuwa ya gwada shi: ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai gangare, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaya. A littafinsa na 1638 ya nuna cewa nisan da ƙwallon ke ci a lokuta masu tsawo ɗaya, bi da bi, yana tafiya ne 1, 3, 5, 7. Tara su ka ga 1, 4, 9, 16. Lokaci in ya ninku biyu, nisa ya ninku huɗu.

Abin da ya sa nake damuwa da wannan shi ne birki, domin lissafin ɗaya ne, an dai juya shi. A ce birki na rage mita 5 a sakan daga gudun mota cikin kowane sakan. Mai gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan, zai tsaya bayan sakan 4, ya ci mita 40. Mai gudun kilomita 144 yana buƙatar sakan 8, matsakaicin gudunsa kuma ya ninku, saboda haka sai ya ci mita 160. Ba a ma sa ɗan lokacin da ƙafa ke ɗauka kafin ta taka birkin ba.

Zuciya tana raya wa direba cewa ninka gudu ninka nisan tsayawa ne kawai. Yaron da ya tsallako titi a mita 80 shi ke biyan kuɗin wannan zato. Don haka nake roƙon malamai su koyar da dalilin rabin kafin su sa a haddace shi.