Taragon da zaki ya shiga

Sabon jirgin ƙasan da aka ƙaddamar a 2017 muka hau daga Mombasa zuwa Nairobi, ni da Kawu, wanda ya ƙare aikinsa yana kafinta a reluwe a Zariya. Fasinjoji na ta leƙen giwaye a dajin Tsavo, shi kuwa idonsa na kan tsohon layin dogo da ke ɓullowa yana ɓacewa a gefe. Turawan Ingila ne suka fara shimfiɗa shi a 1896, ya isa bakin Tafkin Biktoriya a 1901, da ƙwadagon dubban leburori da aka kwaso daga Indiya.

Washegari muka nufi gidan tarihin jiragen ƙasa na Nairobi, kusa da tsohuwar tasha, wanda aka kafa a 1971. Manyan kawunan jirage masu aiki da tururi sun cika fili, amma Kawu ko kallon kirki bai yi musu ba. Taragon katako ya zo gani.

Akwai guda ɗaya da duk mai ziyara ke tambaya. A watan Yuni na 1900 wani babban ɗan sandan reluwe, Charles Ryall, ya sa aka ajiye taragonsa a tashar Kima don ya yi kwanton wani zaki da ya addabi ma'aikata. Su uku ne a ciki. Barci ya sace Ryall yana gadi, zakin ya shigo ta ƙofar da ake ja, ya taka wanda ke kwance a ƙasa, ya cafki Ryall ya fice da shi ta taga. Da na leƙa ciki sai na ga ashe wurin ɗan mitsitsi ne, ko mutum uku ma da ƙyar, balle a ƙara da zaki.

Ina can ina jinjina labari, Kawu ya riga ya durƙusa a ƙarƙashin wani tarago.

"Zo nan, ɗan nan. Ba a tambayar fenti shekarun tarago, ƙarya zai yi maka. Ƙarfe ake tambaya."

Ya ce a fara neman ɗan allon da kamfanin ƙera ke maƙalawa a gindi, mai suna da shekara. In an ɓalle shi, a duba haruffan sunan hukumar reluwe da ke jikin ƙarafan ƙafafu: UR na zamanin farko ne, KUR ya biyo baya, EAR kuwa daga 1948. Amma a yi hattara, ƙafafu ana musanya su. Shi ya sa masu gyara kan ciro ƙofa ko taga, domin kafintocin zamanin da sukan buga lambar tarago a gefen da ba a gani, don kada kayan wani su cakuɗe da na wani.

Ya ƙwanƙwasa ginshiƙin kusurwa da ɗan yatsa, ya kasa kunne. Lafiyayyen katako amsawa yake yi. Wanda gara ta cinye ta ciki sai ka ji fanko. Amma a cewarsa ruwa ya fi gara ɓarna. Rufin irin waɗannan taragu allo ne da aka lulluɓe da tamfol aka shafe da fenti. Da zarar ya tsage, ruwa zai bi ginshiƙi ya kwanta inda katako ya haɗu da ƙarfe, ƙusa ta yi tsatsa ta kumbura ta fasa itacen. Don haka maganin farko rumfa ne, ba sabon fenti ba. In kuma za a gyara, ruɓaɓɓen wurin kawai ake yankewa a yi ƙari da irin katakonsa. Wanda ya sauya komai, in ji shi, sabon tarago ya ƙera ya laƙa masa tsohon suna.

Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne, galibi taragon manya da mai labari ake adanawa. Na gama-gari, mai bencin katako, wanda talakawa suka cika da kaji da buhuna, shi ne ke ƙarewa a matsayin shago ko itacen girki. Na faɗa wa Kawu haka a hanyar fita.

"To, a Zariya ma wa ya ajiye?" ya ce, yana karkaɗe ƙurar gwiwarsa. "Nemo mana mota, la'asar ta yi."